Shagon da ake goyo: irin jakar da ta dace da mai gyaran wuta

Mafi yawan masu gyaran wuta a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba su da shago. Lambar wayarsu na rubuce a jikin wani bango, ko tana wurin mai sayar da kayan lantarki na unguwa, kuma idan aka kira su, babur ne da jaka za su iso ƙofar gida. Abin da ke cikin jakar nan shi ne jarin mutum gaba ɗaya: filaya biyu ko uku, turnabis manya da ƙanana (wanda ƴan Kano ke kira sukundireba), testa, na'urar awon wuta ta maltimita idan ya samu hali, guduma, ƙarfen sassaƙar bango, zarto, salatif, da gwangwanin madara cike da ƙusoshi. Ita kuwa jakar, sau da yawa ba don aikin aka saye ta ba. Tsohuwar jakar makarantar ƙane ce, ko ta kwamfuta da aka samo a bosho, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa aka ɗaure a bayan babur da roba.

Ba wanda ke ganin laifin haka. Yaron da maigidansa ya yaye, ko wanda ya fito daga cibiyar koyon sana'a, ɗan kuɗin da ke hannunsa kayan aiki zai saya, jaka kuwa a ganinsa ado ce, sai an samu sarari. Sai dai a wannan sana'a, wurin da ake zuba kaya yana cikin abubuwan da ke tsare mutum daga wuta, kuma ba a cika gaya wa masu koyo haka ba.

Ga shi sana'ar sai ƙara jan matasa take yi. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, ba a kuma maido da ita ba sai a 2024. Watannin duhun nan sun tura gidaje da shaguna da dama ga faifan sola, batura da janareto. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, bayan ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, amma har yanzu kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasar. Aikin da ke gaba ya fi wanda aka yi yawa ke nan. Mai gyaran da a da aikinsa bai wuce canza ƙwan fitila da makunni ba, yau ana kiransa ya hau rufi ya jera faifai, ya sauko ya haɗa batura. Kayan aikinsa sun ƙaru, sun ƙara tsada. Jakar ce kawai tana nan yadda take.

Robar da ke tsakaninka da wuta

Wutar da ke shiga gidajenmu bolt 220 ce. Lokacin da mai gyara ya kama waya da filaya, abin da ya raba tafin hannunsa da wannan wuta shi ne siririyar robar da ke jikin mariƙin. Kayan aikin da aka ƙera musamman don taɓa wuta suna ɗauke da rubutun 1000 V, da alamar kusurwa uku guda biyu masu shiga juna, da lambar ƙa'idar IEC 60900. Bisa wannan ƙa'ida, ana gwada kowane ɗaya da bolt 10,000 kafin ya bar masana'anta. Wasu kamfanoni na yin robar ruɓi biyu, launin ciki daban da na waje, don ranar da launin ciki ya leƙo mai shi ya san aikin wannan filaya a kan wuta ya ƙare.

To, a ɗauki irin wannan filaya a jefa ta cikin buhu tare da zarto, ƙarfen sassaƙa da ƙusoshin kankare, a ɗaure a bayan babur, a bi hanyar da ba kwalta. Kowane rami da tayar ta faɗa, haƙoran zarto na gurzar robar. Ba a rana ɗaya take lalacewa ba, shi ya sa ba a lura. Ƴar tsaga ce za ta fara fitowa, ƙura ta cika ta, hannu ya jiƙe da gumin watan Afrilu, sai ranar da wutar ta samu hanya. Mutum zai ce filayar jabu ce. Mai yiwuwa jabun ce, don kasuwa cike take da kayan da aka buga wa 1000 V da fenti kawai, amma ko ta gaske ce, buhu zai kashe ta.

Testa ma haka. Wannan ɗan turnabis mai fitila a ciki, wanda kowa ke saƙalawa a aljihu, yana aiki ne ta hanyar barin wata ƴar wuta kaɗan ta bi ta jikin mai riƙe da shi. Ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar yana cikin mariƙin. Idan mariƙin ya tsage a ƙarƙashin guduma, ko ruwa ya shiga ciki ranar da hadari ya tare mutum a hanya, abin da aka saya don kariya shi zai kai wutar hannu. Maltimita kuwa, wadda mai kyau daga cikinta ta fi jakar tsada sau da yawa, wayoyin awonta ne ke fara mutuwa: ana naɗe su da ƙarfi, ƙarfe ya danne su, su karye daga ciki ba tare da an gani ba. Na'urar ta nuna sifili alhali akwai wuta a layin. A aikin lantarki babu ƙaryar da ta fi wannan haɗari.

Don haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowace jaka ita ce, shin za ta raba masu kaifi da masu roba? Kyanta, sunan kamfaninta da yawan zif ɗinta duk suna biyo baya ne.

Rumbu daban, ƙwarya daban

Manomi ba ya kai rumbu madafa, abin da za a ci yau yake ɗiba a ƙwarya. Tsofaffin masu sana'ar haka suke tafiyar da kayansu, ko da ba su taɓa kiran abin da suna ba: akwai abin da ke zama a gida ko a shantiye, akwai abin da ke hawa babur, akwai kuma abin da ke hawa tsani.

Na zama a wuri ɗaya shi ne akwatin ƙarfe. Masu walda a kowane gari na yin sa, a Yamai kuwa kasuwar Katako ce gidansa. Yana ɗaukar kwaɗo, ɓera ba ya huda shi, ana zama a kansa a sha shayi, kuma ko ya faɗo daga amalanke sai dai ya lotsa. Aibinsa kuma a fili yake. Yana da nauyi tun kafin a sa masa komai, yana ɗaukar zafi idan rana ta same shi, da damina yana yin gumi daga ciki kaya su yi tsatsa, sannan ƙarfe ne, bai kamata a ajiye shi a gindin allon wutar da aka buɗe ba. Wanda ya shimfiɗa masa kwali mai kauri ko guntun darduma a ƙasa, ya bar shi a ɗaki da injin huda bango, nannaɗen waya da sauran manyan kaya, ya samu rumbu mai kyau. Wanda ya ɗaure shi a bayan babur kullum, yana niƙa kayansa ne da kansa.

Akwai buɗaɗɗiyar jaka mai mariƙin ƙarfe, wadda ake ganin turawa na shiga gidaje da ita a bidiyon YouTube. Tana da daɗin aiki, don komai a tsaye yake, ana gani a ɗauka. Amma an yi ta ne don wanda zai ajiye ta a cikin mota. A nan, tafiya ɗaya cikin ƙurar hunturu ta isa ta cika ta da rairayi, kuma buɗaɗɗen baki gayyata ce ga hannun da ba a gayyata ba.

Ga mai babur, jakar goyo ce amsa, ba don ta fi kyau ba sai don hannuwa biyu na kan kan babur, kuma idan an isa za a hau tsani ko bene da ita ba tare da an nemi mai miƙowa ba. Amma ba kowace jakar goyo ba. Ta aiki tana buɗewa har ƙasa kamar littafi, a ciki akwai aljifai a tsaye, kowane turnabis da gidansa, tsininsa na kallon ƙasa. Gindinta roba ce mai tauri da aka zuba, wadda za a ajiye a kan jiƙaƙƙen siminti ba ta sha ruwa ba, ta kuma tsaya da kanta. Ɓangaren da ke kwanciya a gadon baya dole ya zama mai kauri da tauri. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce kawai. Duk mai hawa babur ya san faɗuwa ba ta sallama, kuma wanda ya faɗi ta baya da turnabis shida cikin jakar ƴan makaranta, tsakanin tsininsu da ƙashin bayansa ƙyalle ɗaya ne.

Nauyi kuma a yi masa lissafi tun da wuri. Nannaɗen waya mai kaurin 2.5, irin ta soket, mai tsawon mita 100, ta kai wajen kilo 3. Injin huda kankare ma kusan haka. A ƙara guduma, filaya da akwatin ƙusoshi, nan da nan an haura kilo 10 a kafaɗa, a rana, a kan hanya mai gargada. Babbar jaka ba ta taimako a nan, don duk wurin da ya rage sai an samu abin cusawa. Matsakaiciya ta fi, tana tilasta wa mutum ya yi tunanin aikin da zai je kafin ya fita.

Ta uku ita ce ƴar jakar ƙugu, mai ɗaukar abu biyar ko shida: testa, turnabis biyu, filaya, wuƙar fere waya, salatif. Ita ce mafi araha a cikinsu, kuma ita aka fi rainawa. Wanda ba shi da ita, a baki yake riƙe turnabis, ko ya ɗora filaya a saman tsani ta faɗo kan yaron da ke riƙe masa.

A kasuwa

Idan ka je saye, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko Dole ta Damagaram, ko ka aika Kano, kada ka tsaya kallon gaban jakar. Juya ta ka duba gindi. Ja zif ɗin sau goma, da sauri, har kan kwana, don a kwana yake fara cijewa. Zif mai manyan haƙora ya fi jure ƙura, ƙananan haƙora kuwa rairayi ke cinye su, kuma jakar da zif ɗinta ya mutu ta koma buhu. Idan ka ga an rubuta YKK a jikin majanyin, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana kwaikwayonsa. Duba inda igiyar goyo ta haɗu da jiki: ɗinki ɗaya ne aka bi, ko an maimaita an gicciya, ko an buga ƙusar ƙarfe? Nan ne duk nauyin yake rataye.

A takardar wasu jakunkuna za ka ga 600D ko 1680D. Awon kaurin zaren da aka saƙa yadin ne, babbar lamba ta fi kauri. Ka leƙa launin ciki kuma. Baƙin ciki yana haɗiye ƙananan kaya, musamman ga wanda rabin aikinsa a ɗakin da aka kashe wa wuta yake yi, ja ko ruwan ɗorawa ya fi nuna abu. Mafi muhimmanci, ka tafi da kayanka. Sa doguwar turnabis ɗinka ka ga ko zif zai rufe, sa maltimita ka ga ko tana da aljihun kanta nesa da guduma. Mai shago ba zai hana ka ba idan ya ga da gaske kake.

Kayan Ingco da Total, waɗanda ake ƙerawa a Sin, su suka fi yawa a shagunanmu, kuma aljihun mai farawa ya fi kai musu. Stanley, Facom ko Makita na gaske sun fi tsada nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma suna ma ba ya ɗinki. Jakar da ba ta da suna mai ƙaƙƙarfan gindi ta fi mai babban suna da aka buga a bayan kasuwa.

Akwai kuma hanyar da aka manta da ita, alhali tana bakin ƙofa. Ƙasar da fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har waje, Damagaram kuma ke da majema da dukawa tun kaka da kakanni, bai kamata mai gyaran wuta ya rasa jakar ƙugu ba. Baduku zai auna filayarka ya yanka fata daidai da ita, kuma ranar da ɗinki ya saki, shi zai gyara. Masu ɗinkin tampol da kujerun mota ma na iya yin shimfiɗa mai aljifai a jere, a zura turnabis a naɗe kamar tabarma a ɗaure. Wanda bai da kuɗin jakar kamfani, idan ya sa irin wannan naɗi a cikin tsohuwar jakarsa, ya yanka gindin jarka ya shimfiɗa a ƙasa, ya rufe haƙoran zarto da tsagaggen tiyo, ya magance mafi yawan matsalar da kuɗin da bai kai na cajin waya na wata ba. Sharaɗi ɗaya ne: a gaya wa baduku kada ya sa ƙusoshin ado na ƙarfe a inda za su goge roba, kuma fata ba ta son a bar ta a jiƙe da ƙarfe a ciki.

Zafi da batura

Injunan huda masu batirin litiyam sun shigo sana'ar sosai, musamman ga masu aikin sola da ke zuwa inda babu wuta. Littafin da ke zuwa da batiran Makita ya yi gargaɗi kada a ajiye su inda zafi zai kai digiri 50, kuma kada a haɗa su wuri ɗaya da ƙusoshi ko tsabar kuɗi. A garuruwanmu, a watannin Afrilu da Mayu, a inuwa ma ana haura digiri 40. Baƙar jaka ko akwatin ƙarfe da aka bari a kan babur a rana, ko a kan rufin kwano yayin da ake ɗaura faifai, cikinsa ya wuce haka da nisa. Batirin ba lallai ya kama da wuta ba, amma ƙarfinsa zai riƙa raguwa, kuma kuɗin sabo ba wasa ba ne. Batir na son aljihunsa shi kaɗai, da murfin bakinsa, jakar kuma a inuwa.

Aikin sola na da nasa halin. Faifai ba su da makunni, muddin rana na sama suna ba da wuta. Batirin bolt 12 kuwa ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma sifana ɗaya da ta faɗo daga buɗaɗɗiyar jaka ta haɗa kawunansa biyu za ta yi ja nan take, ta ƙona hannu, wani lokaci batirin ya fashe. Kada a ɗora jaka a kan batura, komai ƙuncin ɗakin.

Ga ƴan uwa na waje

Da yawa cikin kayan aiki masu kyau da ake gani a hannun matasa, wani yaya ne ya aiko daga Faransa, Beljiyam, Amurka, Aljeriya ko Abijan. Alheri ne babba, don wanda aka ba kayan sana'a an ba shi abin da ya fi kuɗin cefane. Amma kafin a saya, a kira mai aikin a tambaye shi da me yake zuwa aiki.

A manyan shagunan can, abin da ke ɗaukar ido shi ne akwatunan roba masu hawa kan juna su kulle, da taya a ƙasa: Packout na Milwaukee, ToughSystem na DeWalt, L-Boxx na Bosch, Makpac na Makita. Wasunsu na ɗauke da alamar IP65, inda 6 ke nufin ƙura ba ta shiga sam, 5 kuma feshin ruwa ba ya ratsawa, abin da ya dace da ƙasarmu ƙwarai. Sai dai babban akwatin ƙasa mai taya yakan kai wajen kilo 10 babu komai a ciki, kusan rabin kilo 23 da jiragen sama suka saba ba fasinja a jaka ɗaya. Tayoyinsa don daɓen siminti aka yi su, ba don rairayin unguwa ba, kuma ba ya zama a bayan babur. Na kamfani ɗaya ba ya kulluwa da na wani, idan maƙallin ya karye kuma da wuya a samu irinsa a nan. Ga wanda ya kai matsayin karɓar kwangilar gini, yana da mota ko adaidaita da yara, wannan tsari zai yi masa rana. Ga ƙanen da ke yawo da babur, zai zama akwatin ajiyar tufafi ne mai tsada. Da kuɗinsa, gara jakar goyo mai kyau, ƙaramin akwati mai ɗakuna don ƙusoshi da mahaɗan waya, saitin turnabis na 1000 V na gaske, da maltimita mai alamar CAT III.

Masu aikowa daga Amurka ko Kanada su lura da caja. Wutar can bolt 120 ce, kuma cajojin injuna da yawa ita kaɗai suke karɓa, ana sa su a 220 za su ƙone. A karanta bayan cajar, idan an ga 100-240 V to babu matsala. Kayan Turai kuwa wutarsu ɗaya da tamu. A jirgi, filaya, turnabis da injuna a jakar da ake aunawa suke tafiya, batiran litiyam da ba sa jikin inji kuwa a jakar hannu, an rufe bakinsu. Iyakar da aka saba ita ce Wh 100 ga kowane batir ba tare da neman izini ba. Batirin bolt 18 mai Ah 5 yana da Wh 90, ya shiga. Wanda ya fi shi girma sai an tambayi kamfanin jirgin.

Aljihun da ya rage wayam

Wani amfanin jaka mai aljifai sai an tashi aiki yake bayyana. A shantiye akwai magina, masu fenti, masu famfo, kowa na aron turnabis “na minti ɗaya”. A gidan mutane akwai yara. Mai buhu ba ya sanin ya yi rashi sai gobe, a wani gidan, lokacin da ya zura hannu bai ji filaya ba. Daga nan zargi ya fara, kuma yawanci a kan yaron da ke koyo yake sauka, ko da kuwa filayar na can saman silin inda maigidan da kansa ya manta ta. Idan kowane abu na da gidansa, kallo ɗaya ya isa kafin a ja zif, a nemi abin tun ana wurin. Wasu na ɗaukar hoton jakar a buɗe da waya ranar da suka shirya ta, yaro ya riƙa gwadawa da shi kowace yamma.

Masu gida ma na kallo. Mutumin da zai bar ka ka shiga har ɗakin matarsa ka buɗe bango bai san IEC ba, abin da yake gani shi ne ko ka zazzage buhu a kan tabarma kana tono, ko ka buɗe jaka ka ɗauko abin da kake so kai tsaye. Da wannan yake yanke shawarar ba maƙwabcinsa lambarka.

Sanya wa kaya alama kuma yana da ƙa'ida. An saba naɗa salatif mai launi a mariƙi, ko a ƙona harafin suna da zazzafan ƙusa. A jikin guduma da sifana babu laifi. A jikin kayan 1000 V kuwa, ƙuna rami ce a cikin robar, salatif kuma yana ɓoye tsagar da ya kamata a gani. Ɗigon fenti a kan ƙarfen, kusa da mahaɗin filayar, ya wadatar, sai a sabunta shi idan ya goge.